Na sayi darussan bidiyon judo don in daina rikita o goshi da uki goshi

Wata biyar ke nan da na biya kuɗin darussan bidiyon nan na judo da ake ta turo tallansu a Facebook, masu cewa za su koya wa mutum bambance salon kaye masu kama da juna, irin su o goshi da uki goshi, kaye biyu da ake yi da ƙugu. 'Yan zaurenmu na WhatsApp sun san waɗanda nake nufi, sun kuma san da dala ake biya, ba sai na tsaya faɗin farashi ba. Mutum huɗu sun tambaye ni ko su saya, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Abin da ya kai ni ga saye ba daɗi ba ne. Shekarata tara ina judo, da girmana na fara, kuma ɗamara mai ruwan ƙasa ta shekara uku a ƙuguna. Bara na shiga jarrabawar baƙar ɗamara. An ce mu yi rukuni uku na farko na nage no kata, tsararren jerin kaye da mutum biyu ke nunawa bi da bi (a taƙaice kata), wato na hannu da na ƙugu da na ƙafa, kaye tara, kowanne dama da hagu. Na wuce na hannu lafiya, ko da yake kata guruma, kayen ɗaukar mutum a kafaɗa, ta ɗan ba ni wuya. Da muka zo rukunin ƙugu, abokina ya kawo duka ta ka kamar yadda aka tsara, na shige ƙarƙashin hannunsa, na rungumo bayansa da hagu, na maka shi da ƙasa. Faɗuwar ta yi kyau, har katifa ta amsa. Sai dattijon da ke tsakiyar masu jarrabawar ya ɗaga hannu ya ce in sake. Na sake, na ƙara ƙarfi. Ya kira ni gabansa, bai ɗaga murya ba, ya ce: "Malam, uki goshi aka tambaye ka, o goshi ka ba ni har sau biyu. Ka ɗauki mutumin nan. A uki goshi ba a ɗaukar mutum."

Ɗana yana zaune a gefe ran nan, cikin yaran da nake taya kocinmu koyarwa duk Asabar. Faɗuwa jarrabawar ta yi mini ciwo, amma abin da ya hana ni barci shi ne shekara biyu ina gaya wa yaran nan cewa bambancin o goshi da uki goshi bai wuce zurfin ƙugu ba: ka shigar da shi duka, o goshi, ka shigar da rabi, uki goshi. Haka aka gaya mini, haka na miƙa. Ashe siffar kawai nake koya musu, ainihin abin da ke kayar da mutum ban san shi ba.

To, da wannan takaicin na karɓi katin dala na wani aminina na biya.

Darasi uku na farko ba su da abin faɗi, faɗuwa ce da riƙo da taku, duk wanda ya yi wata shida a kan katifa ya san su. Har na fara jin na yi asara. Darasi na huɗu ne ya tsayar da ni, kuma a kansa zan daɗe, don shi ne babban dalilin da ban kira cinikin nan damfara ba.

Mai koyarwar wani tsoho ne Bajapane mai ɗamara ja da fari, irin ta masu mataki na shida zuwa na takwas. Bai fara da dogon bayani ba. Ya sa aka saukar da kyamara ƙasa, ba a ganin kai, ba a ganin hannu, sai gwiwoyinsa da tafin ƙafar wanda zai kayar. Ya yi o goshi a hankali. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe har ƙugunsa ya koma ƙasa da ɗamarar abokin, sannan suka miƙe, ƙafafun abokin suka rabu da katifa gaba ɗaya, ya zama kaya a kan ƙugu, daga nan aka juye shi. Sai ya yi uki goshi. Gwiwoyin nan kusan ba su motsa ba. Abokin ya dai yi ɗage a kan yatsu, cikinsa a manne da gefen ƙugun tsohon, sai ƙugun ya murɗa kamar an buɗe ƙyaure da sauri, mutum ya zagayo ya faɗi. Ba ɗauka ko kaɗan.

Bai tsaya nan ba, kuma nan ne na miƙe zaune daga kwancen da nake. Da gangan ya sake yin o goshi bai shigar da ƙugu sosai ba, amma ya lanƙwasa gwiwa ya ɗauka, ya ce har yanzu sunanta o goshi. Ya sake yin uki goshi ya ɗan zurfafa ƙugun fiye da yadda aka saba, amma bai ɗauka ba, murɗawa ya yi, ya ce har yanzu uki goshi ce. Wato abin da na shekara ina auna wa yara da ido, zurfin ƙugu, alama ce kawai da takan biyo baya. Sunan yana bin abin da ya yi aikin kayarwar: ɗauka da gwiwa, ko murɗa ƙugu. Minti bakwai ne bidiyon, na maimaita shi daren nan har wayata ta mutu.

A ƙarshen darasin ya ba da labarin da ake yawan bayarwa a Kodokan, makarantar da Jigoro Kano, wanda ya ƙirƙiro judo, ya kafa a Tokiyo a 1882. Uki goshi ita ce kayen da Kano ya fi so, ya sha kayar da ɗalibansa da ita. Da suka gane ta, musamman Saigo Shiro, sai suka riƙa tsallake ƙugun suna zagayowa gaba. Sai ya zo da harai goshi, ya tare hanyar tsallaken da cinya ya share ƙafar. Da suka gane wannan kuma suka riƙa sandarewa suna banƙarewa baya, sai aka saukar da ƙugu ƙasa sosai aka ɗaga kwala sama, ga tsurikomi goshi. Na yi shekaru ina haddace jerin ukun nan a kata, uki goshi, harai goshi, tsurikomi goshi, ban taɓa sanin kowacce amsa ce ga gudun da aka yi wa ta gabanta ba. Tun daga ranar na daina ganin su a matsayin sunaye uku da za a haddace.

Washegari Talata ce, ranar atisayenmu. Na ja wani ƙanenmu gefe, yaro ne mai jiki, ya haura kilo casa'in, kuma shi ne wanda kullum nake shan wuyar ɗauka. Ban gaya masa komai ba, na ce ya kawo duka irin na kata. Na shiga, na matse shi a jikina da hannu, na hana gwiwata lanƙwashewa, na murɗa. Wallahi ban ji nauyinsa ba. Ya tashi yana kallona ya ce: "Yaya, yau me ka yi? Ban ji ka ɗaga ni ba, kawai na ga rufin ɗaki." Muka sake sau goma, dama da hagu. Kocinmu yana can yana gyara wa wasu riƙo, ya juyo ya tsaya kallo, can ya ce: "Yauwa, ita ke nan. Da ita ka kai musu bara da yanzu wani zance ake." Na koma gida ran nan ina jin kamar yau na fara judo. A daren na rubuta a zaure cewa kowa ya je ya saya. Da na san abin da ke gaba da na dakata da wannan saƙon.

Kafin in zo ga ɓacin ran, darasi na shida ma ya cancanci yabo, shi ma tsohon ne ya yi shi. Ya ɗauki kalmomin da ke maimaituwa a sunayen ya nuna aikin kowacce a jiki. Gari girbi ne, kamar lauje a gindin kara: ƙafar da nauyi ya riga ya sauka a kanta ita ake yankewa. Harai shara ce, kamar tsintsiya: ƙafar da ba ta gama sauka ba, ko take shirin tashi, ita ake sharewa. Gake ƙugiya ce, ka saƙala ƙafa ka tsare ta, ka tura mutum ta kai. Guruma juyi ne irin na taya, ƙafarka ko ƙugunka ya zama sandar da mutum zai juya a kai. Otoshi kuwa saukewa ƙasa ne ba tare da ɗauka ba. Da wannan kaɗai na raba kayen ƙafa ukun nan, de ashi barai (barai ita ce harai) da kosoto gari da kosoto gake, waɗanda a da sai dai in yi canke. Na kuma gane me ya sa o guruma da ashi guruma suke cikin kayen ƙafa duk da suna kama da harai goshi a hoto: ba a ɗora mutum a ƙugu, ƙafa ake miƙawa a gabansa, a saman cinya ko a wajen gwiwa, a juya shi a kanta. Mu da muka tashi muna kallon kokawa a dandali bayan kaka, duk abin da aka yi da ƙafa taɗiya muke ce masa, mu wuce. Ganin yadda mutanen nan suka zauna suka tsattsage ta gida-gida ya burge ni ƙwarai.

Daga darasi na tara sai tsohon ya ɓace. Ba sanarwa, ba bayani. Hotonsa ne a tallan, hotonsa ne a shafin biyan kuɗi, amma fiye da rabin darussan wani matashi ne ɗan gasa ya yi su. Ban raina shi ba, ya iya kaye, jikinsa ya nuna. Amma ya iya yi ne, bai iya rarrabewa ba, kuma rarrabewar na biya wa kuɗi.

Darasin da na fi ɗoki tun farko shi ne na uchi mata da hane goshi, don babu gardamar da ta fi wannan daɗewa a ɗakin atisayenmu. A takarda abin a fili yake: a hane goshi ana lanƙwasa ƙafa, a jingina gefenta a cikin ƙafar abokin karawa, ƙugu ya shiga, a zabura da shi sama, a uchi mata bayan cinya ne ke shiga tsakanin ƙafafu ya sharo cikin cinya zuwa sama. Matsalar tana zuwa ne a randori, wato karawar atisaye, da gasa, inda mutum zai shigar da ƙugu sosai, ƙafarsa ba a miƙe sosai ba, ba kuma a lanƙwashe sosai ba, ta kuma doki cinyar da ba a zata ba. Wannan mece ce? Na zauna da littafi da biro ina jiran a yi mini irin abin da aka yi a darasi na huɗu, a sauke kyamara, a nuna mini abin da ya yi aikin.

Abin da na samu shi ne kyamara a bayan mai kayarwa, daga nesa, rigarsa ta rufe daidai wurin da ake son gani. Ya yi kayen sau shida da gudu, sau ɗaya a hankali, ya ce ɗaya ƙafa a lanƙwashe, ɗaya a miƙe. Siffa ke nan, irin kuskuren da ya kayar da ni jarrabawa, shi aka dawo mini da shi da kuɗina. Sannan ya rufe da cewa kada mu damu da suna, in alƙali ya ɗaga hannu ya ce ippon, wato cikakken makin da ke ƙare wasa, magana ta ƙare. A gasa wataƙila haka ne. Amma wanda ya sayar da darussa a kan bambance sunaye ba shi da bakin faɗin wannan. Abin da ya ƙara ɓata mini rai, a jerin darussan an saka uchi mata ƙarƙashin kayen ƙugu. Kodokan a kayen ƙafa ta lissafa ta, kuma a nage no kata ita ce ta uku a rukunin ƙafa, bayan okuri ashi harai da sasae tsurikomi ashi. Na san akwai masu yin ta da ƙugu sosai, kuma da ya tsaya ya yi bayanin hakan da na gode masa. Amma a jefa ta can ba bayani, yaron da ya haddace haka ya shiga jarrabawa wa zai kama?

A tallan sun yi alkawarin darasi a kan uchi mata sukashi da uchi mata gaeshi, wato kauce wa ƙafar a bar mai kawo harin ya tafi da ƙarfinsa a juya shi, da kuma tare shi a mayar da shi baya. Na duba ko'ina babu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai son ya zama alƙali wata rana, kamar ni. Duk ɗan judo ya san wasan ƙarshe na masu nauyi a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, tsakanin David Douillet na Faransa da Shinichi Shinohara na Japan. Douillet ya kawo uchi mata, Shinohara ya kauce ya juya shi, 'yan Japan suka ɗauka ippon ce tasu, amma aka rubuta wa Douillet yuko, wani ƙaramin maki, kuma shi ya tafi da zinare. Har yau ana jayayya a kan daƙiƙar nan. Irin wannan ido nake so a gyara mini, aka karɓi kuɗi aka tsallake.

Sai maganar lissafi. An rubuta cewa darussan sun ƙunshi duka kaye 68 da ke jerin Kodokan tun gyaran 2017: na hannu 16, na ƙugu 10, na ƙafa 21, na faɗawa ta baya 5, na faɗawa ta gefe 16. Na zauna na ƙirga, ba su cika ba. Arba'in ɗin gokyo, wato tsohon jerin Kodokan na 1920, yawancinsu suna nan, amma morote gari, kuchiki taoshi da kibisu gaeshi, waɗanda ake kama ƙafa da hannu, babu ko ɗaya. Na gane dalili, hukumar judo ta duniya ta taƙaita kama ƙafa da hannu a 2010, ta ƙara tsaurarawa a 2013, 'yan gasa suka daina koyon su. Amma hana su a gasa bai fitar da su daga judo ba, kuma ba a ce mini darussan gasa nake saya ba. Mafi muni, kata guruma ma irin ta zamani kaɗai aka nuna, wadda ake zubewa ƙasa ba a taɓa ƙafa. Ta asali, wadda za ka cusa hannu ta cikin cinya ka ɗauki mutum a kafaɗa ka miƙe tsaye da shi, wadda ita ake tambaya a kata, kuma ita ce ta ba ni wuya bara, ko sau ɗaya ba a yi ta ba.

Fassarar da ke gudana a ƙasan bidiyon ma da alama na'ura ce ta yi ta ba wanda ya duba. A wurare da dama an juya tori da uke, mai kayarwa ya koma wanda ake kayarwa. A darasin seoi nage da seoi otoshi matashin ya yi bayani daidai, cewa in ka ɗora mutum a baya ka ɗaga shi seoi nage ce ko da daga gwiwa ka taso, in kuwa ka zube ka janyo shi ƙasa ba ɗagawa seoi otoshi ce. Amma rubutun da ke kan allo ya sa wa duka biyun suna ɗaya. Ni na gane don na riga na sha darasin tsohon. Sabon shiga fa?

Ba a kuma iya sauke bidiyon a waya. Sai da intanet kowane lokaci, kuma ɗakin atisayenmu ba sabis mai ƙarfi. Na so in nuna wa yara gwiwoyin tsohon nan a bakin katifa, abin ya yi ta juyawa bai buɗe ba, sai da na kwatanta musu da jikina. Datar da na ƙona a wata na farko ta kusa rabin kuɗin darussan.

Duk wannan da na haƙura, na ce darasi biyu masu kyau sun biya. Abin da ya sa na goge saƙon da na tura zaure shi ne ranar da aminina ya kira ni da sassafe ya ce an sake cirar kuɗi a katinsa. Ni na ɗauka saye ne na sau ɗaya, haka tallan ya nuna. Ashe rajista ce mai sabunta kanta duk wata uku, an rubuta da ƙananan baƙaƙe can ƙasan shafi. Mutumin da ya yi mini alfarma shi aka taɓa wa kuɗi, da dala, a wannan yanayi. Na biya shi a ranar, amma kunyar ba ta biyuwa. Na tura musu saƙon imel uku. Na farko ba amsa, na biyu amsar na'ura, na uku aka ce ba a mayar da kuɗi amma an soke sabuntawa ta gaba. Duk wanda zai saya da katin wani, don Allah ya shiga ya kashe sabuntawar a ranar da ya biya.

To a saya ko kada a saya? Ran da na kayar da ƙanen nan namu ba tare da na ji nauyinsa ba, da an ce in ƙara kuɗi da na ƙara. Yau kuwa in na tuna darasin uchi mata da kiran sassafen nan, sai in ji ba zan iya tura kowa ba. Wanda kawai yake son ya ga siffar kowane kaye da sunansa na gaskiya, Kodokan ta saka gajerun bidiyonta a YouTube kyauta, sun fi na matashin nan tsabta nesa ba kusa ba, kuma ana ganin ƙafa. Abin da ba su da shi shi ne tsohon da zai yi maka kaye biyu a jere ya karya maka ƙa'idar da ka riƙe ta kuskure. Wanda ke da jarrabawa a gaba kuma kayen ƙugu ke rikita shi, ya biya wata ukun farko, ya kalli na huɗu da na shida har su zauna masa, ya fita. Wanda uchi mata da hane goshi suka dama, ya riƙe kuɗinsa, ba zai samu komai ba.

Tunda an riga an cire kuɗin zagaye na biyu, saura mini 'yan makonni kafin a rufe mini shafin. Ina amfani da su ina kwafe bayanin tsohon a littafi, jimla bayan jimla, da zanen gwiwa da tafin ƙafa, don yaran Asabar. Na riga na tara su na gaya musu abin da na koya musu a kan zurfin ƙugu ba daidai ba ne, muka sake daga farko, kuma ɗana ya fi ni saurin kama murɗawar. Kata guruma kuwa na nemi lambar dattijon da ya kayar da ni bara ta hannun kocinmu, na roƙe shi, ya ce in same shi ranar Lahadi bayan la'asar, in zo da abokin da bai fi ni nauyi ba.